Gangar lantarki da kwamfuta: yadda ake ɗaukar kiɗa ba tare da an kashe hannun makaɗi ba

Mafi yawan waƙoƙin da ke yawo a wayoyin salula a yau, daga waƙar amarya zuwa ta ƴan siyasa da tallar ƴan kasuwa, a ɗaki guda ake haɗa su, da kwamfuta ɗaya da makirufo. Matashin da ke zaune a Bune, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gure ta jihar Damagaram, ba dole sai ya je Kano ko Yamai ba kafin ya naɗi kiɗa, in dai yana da kayan aiki kuma ya san yadda ake haɗa su. Cikin kayan nan, wadda ta fi rikita masu farawa ita ce gangar lantarki. Mutum zai tara kuɗi ya sayo ta, ya jona kebul, ya buga, kwamfuta ta yi shiru. Wani kuma sautin zai fito, amma a makare. Wani ya gama aiki lafiya, sai a ji kiɗan ya bushe kamar inji ne ya buga. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya: rashin bambance abubuwa biyu da gangar ke fitarwa, wato sauti da kuma bayanin bugu.

Mece ce gangar lantarki

Gangar lantarki jerin farantai ne na roba ko na raga da aka ɗaure a jikin ƙarfe, ana buga su da sanduna biyu da kuma ƙafa, kamar gangunan ƴan okestira. Farantan ba su da amo na kansu. A ƙarƙashin kowanne akwai wani ɗan ƙaramin abu mai jin girgiza, wanda ke mayar da bugu ya zama ƴar wutar lantarki. Wutar nan tana bin kebul zuwa wani akwati da ake iya kira ƙwaƙwalwar ganga. Ƙwaƙwalwar ce ke auna wane faranti aka buga da kuma ƙarfin bugun, sannan ta saki sautin da aka ajiye mata.

Ya kamata a bambance ta da abubuwa biyu da mutane ke haɗa su da ita. Na farko akwatin kiɗa mai buga kansa, irin Roland TR-808 da ya fito a 1980, wanda ake tsara masa bugu ya yi ta maimaitawa. Na biyu kiɗan da ke cikin fiyano, wanda ake danna maɓalli ya tashi. Ita gangar lantarki mutum ne ke buga ta daga farkon waƙa har ƙarshe, shi ya sa take iya ɗaukar saurin hannunsa da nauyinsa.

Kamfanin Simmons na Ingila ne ya fara yaɗa ta a kasuwa a 1981, da farantansa masu kusurwa shida. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya fitar da V-Drums masu fuskar raga, waɗanda sanda ke dawowa a kansu kusan yadda take dawowa a kan fata. Yamaha da Alesis su ma suna cikin sunayen da aka fi gani. Akwai kuma ƙaramin nau'i mai farantai takwas a allo guda, irin Octapad na Roland da ya fara fita a 1985. Shi ya fi sauƙin ɗauka a kan babur zuwa wurin biki, kuma duk bayanin da ke tafe ya shafe shi.

Kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

A Nijar, tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset da oganin lantarki a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, kuma shekaru da dama ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan aiki a 2013. A Kano kuwa, finafinan Hausa na bidiyo ne suka ɗaukaka fiyanon Yamaha a shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Daga nan fiyano ya zama ginshiƙin situdiyo, mutum ɗaya yana fitar da amon ganga da sarewa da yatsunsa.

Mdou Moctar, mawaƙin jita daga jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da kiɗan na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin memori na salula waƙoƙin suka bazu. Hama, wani makaɗin fiyano na Yamai, da manhajar FruityLoops ya haɗa kundinsa Houmeissa na 2019. Abin da ya haɗa yawancin ayyukan nan shi ne gangar da ke ciki tsara ta aka yi, ba buga ta aka yi ba. Gangar lantarki ita ce hanyar da ke dawo da makaɗi cikin ɗakin ɗauka ba tare da an bukaci makirufo takwas da ɗaki mai bango na musamman ba.

Hanyoyi biyu: sauti da MIDI

Hanya ta farko ita ce ɗaukar sauti. Ana ɗaukar amon da ƙwaƙwalwar ganga ta fitar yadda yake, kamar yadda ake naɗar murya. Abin da aka ji shi aka samu. Idan daga baya aka ga amon wani faranti bai dace da waƙar ba, ko bugun ƙafa ya danne sauran, gyara na da wuya, domin duka sun cakuɗe wuri guda.

Hanya ta biyu ita ce MIDI. Wannan yare ne da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi, wanda aka amince da shi a 1983 bisa jagorancin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland. MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Rubutu ne na abin da hannu ya yi: wane faranti, a wane lokaci, da wane ƙarfi. Ana auna ƙarfin bugu da lamba daga 0 zuwa 127. Kamar mutum ne ya zauna gefen makaɗi yana rubuta kowane bugu a takarda, daga baya a ba wani ya sake bugawa da gangar da aka ga dama.

Bambancin nauyi ma babba ne. Minti ɗaya na sauti mai tsabta irin na faifan CD yana cin kimanin megabait 10, waƙar minti biyar ta kai 50. Bayanin MIDI na waƙar nan ba ya wuce ƴan kilobait. Inda intanet ke da rauni, wannan ba ƙaramin abu ba ne: makaɗi a Bune zai iya aika bugunsa ta WhatsApp zuwa situdiyo a Damagaram ko Kano cikin sakan kaɗan, can a ɗora masa amon da ake so.

Shawarar da ta fi amfani ita ce a ɗauki biyun a lokaci guda, kowanne a layinsa. Sautin ya zama shaida ta yadda makaɗi ya ji kiɗan lokacin da yake bugawa, MIDI kuma ya zama abin komawa in bukatar gyara ta taso.

Kayan da ake bukata

Kwamfuta ta hannu ta fi dacewa, saboda batirinta na riƙe aiki in wuta ta ɗauke. Sai manhajar haɗa kiɗa. FL Studio, wadda har yanzu da yawa ke kira FruityLoops, sunanta na kafin 2003, ta kamfanin Image-Line ce na Beljiyam. Cubase ta kamfanin Steinberg ce na Jamus, ta fara fita a 1989. Reaper ba ta da nauyi, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, ana gwada ta kyauta kwana 60, lasisinta na mai ƙaramin aiki dalar Amurka 60 ne. Abubuwa biyu ne ya kamata a sani tun farko: FL Studio ta gwaji tana barin mutum ya adana aiki amma ba ta barinsa ya sake buɗe shi sai ya biya, Audacity kuma, duk da kyauta ce kuma tana ɗaukar sauti da kyau, ba ta ɗaukar MIDI.

Don ɗaukar sauti ana bukatar katin sauti na waje, ɗan akwatin da ake jonawa ta USB, mai ƙofofin shiga biyu aƙalla, da kebul biyu masu babban kan jak na milimita 6.35. Don MIDI kebul ɗin USB irin na firinta ya isa a yawancin gangunan zamani. Tsofaffi suna da rami mai zagaye mai ƙofofi biyar, sai a nemi kebul mai mayar da shi USB, ko katin sauti mai irin wannan rami. Sai abin sauraro na kunne mai rufe kunnen duka.

A nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Ganin ramin USB a jikin ganga ba ya nufin sauti zai bi ta nan. A gangunan masu araha, irin Alesis Nitro, MIDI kaɗai ke bi. Wasu na Roland, kamar TD-17, suna aika sauti da MIDI ta kebul guda, manya irin TD-27 har suna raba sautin farantai layi-layi. Wanda zai yi tafiya daga Bune zuwa Gure, ya bi babbar hanya ta ƙasa kimanin kilomita 160 zuwa Damagaram, ko ya zarce kasuwar Sabon Gari a Kano, gara ya tambayi wannan kafin ya biya, ya kuma sa a gwada kowane faranti a gabansa, musamman in kayan na hannu ne.

Yadda ake ɗaukar sauti

Ana fitar da kebul biyu daga ramukan da aka rubuta L da R a bayan ƙwaƙwalwar ganga zuwa ƙofa ta ɗaya da ta biyu a katin sauti. In kebul ɗaya ne, ramin L ake amfani da shi, wanda galibi aka rubuta MONO a gefensa. Kada a sa sautin ganga a ƙaramin ramin makirufo na jikin kwamfuta: an yi shi ne don sauti mai rauni, ƙarfin ganga zai fasa shi ya fito da ƙara.

A cikin manhaja sai a zaɓi katin sautin, a buɗe layi mai ɓangare biyu, hagu da dama. Kafin a fara, makaɗi ya buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, mai ɗauka yana kallon ma'aunin. A murɗa har bugu mafi ƙarfi ya tsaya tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili. In ma'aunin ya taɓa sifili ya yi ja, sautin ya fashe, kuma babu manhajar da ke ɗinke shi yadda yake. Sauti mai ɗan rauni ana ƙara masa ƙarfi daga baya ba tare da asara ba, musamman in an ɗauka a bit 24. Yana da kyau kuma a kashe amsa-kuwwar da ƙwaƙwalwar ganga ke ƙarawa, domin sa ta daga baya abu ne mai sauƙi, cire ta kuwa ba ya yiwuwa.

Yadda ake ɗaukar MIDI

Bayan an jona kebul, wasu ganguna kwamfuta na gane su nan take, wasu sai an saka musu ƴar manhajar kamfanin da masu gyara ke kira direba. A wurin saitin MIDI na manhaja sai a kunna sunan gangar a matsayin mai shigowa. Daga nan a buɗe layin MIDI, a ɗora masa manhajar amon ganga. Idan an buga faranti aka ga alama na motsi amma ba a ji komai ba, ba lalacewa ba ce: bayani ya iso, amon da zai furta shi ne ba a ɗora ba.

Kowane faranti yana da lambarsa. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta keɓe tasha ta 10 cikin tashoshi 16 don ganguna, ta kuma ba babbar gangar ƙafa lamba 36, ƙaramar gangar tsakiya mai kaifin amo 38, faifan ƙarfe biyu da ake matsewa da ƙafa 42 in suna rufe, 46 in suna buɗe. Ba kowane kamfani ke bin jerin nan sau da ƙafa ba. In aka buga faranti amon wani ya fito, sai a canza lambar a ƙwaƙwalwar ganga ko a zaɓi jerin da ya dace da sunan gangar a cikin manhaja, a adana shi don kada a maimaita aikin kullum.

Wata matsala ita ce bugu ɗaya ya fito sau biyu. Yawanci dalili shi ne ana jin amon ƙwaƙwalwar ganga da na kwamfuta tare, ko kwamfuta na mayar wa gangar bayanin da ta aiko. Maganinsa a rufe ɗaya daga ciki, ko a kashe saitin da aka rubuta Local a ƙwaƙwalwar. In kuma faranti na amsawa alhali maƙwabcinsa aka buga, girgiza ce ke bin ƙarfe: a ƙara tazara, a ɗaure kusoshi, a shimfiɗa darduma a ƙasa, sannan a ɗaga mizanin da farantin ke fara jin bugu.

Jinkiri tsakanin sanda da kunne

Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tana tara shi ne kamar mai awon hatsi, sai tiya ta cika take juyewa. Girman tiyar nan, da ake kira bafa, shi ke kawo jinkiri. A ma'aunin 44,100 a sakan, bafa mai 128 na jinkirta sauti kusan milisakan 3, mai 256 kusan 6, mai 512 kusan 12, mai 1024 kuma 23. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai, katin sauti ma yana ƙara nasa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka jinkirin milisakan 10 kamar mutum ne yana jin gangarsa daga nisan mita uku da rabi. Da zarar an wuce haka, makaɗi zai fara jin hannunsa da kunnensa sun rabu, ya riƙa ja da baya ko yin gaggawa.

A kwamfuta mai Windows, abu na farko shi ne a zaɓi direban ASIO na katin sautin. In babu kati, ASIO4ALL na kyauta yana rage matsalar. A sa bafa a 128 ko 256 lokacin ɗauka, a mayar da shi 512 ko 1024 lokacin haɗa sauti. In aka ji ƙas-ƙas, kwamfutar ce ta gaza, sai a rufe sauran manhajoji ko a ƙara bafan.

Ga mai tsohuwar kwamfuta akwai dabara mai sauƙi: makaɗi ya sa abin sauraronsa a jikin ƙwaƙwalwar ganga kai tsaye, a shigo masa da waƙar ta ramin shigar sauti da ke jikinta, kwamfuta kuma ta yi ta rubuta MIDI shiru. Ta haka ba ya jin jinkirin kwamfuta ko kaɗan. Abin sauraro mai Bluetooth bai dace da wannan aiki ba, jinkirinsa ya yi yawa.

Gyaran da ke kashe kiɗa

Kowace manhaja tana da umarnin da ke jawo duk bugu ya hau kan layukan lokaci daidai wa daida. Danna shi ba wuya, kuma nan ne kiɗa da yawa ke mutuwa. FL Studio tana buɗewa ne da awo mai gida 16, wato kowane taki an raba shi huɗu. Da yawa daga cikin kiɗe-kiɗen gargajiya na wannan yanki kuwa taki uku-uku suke rabawa, abin da masu rubuta kiɗa ke kira 6/8 ko 12/8. In aka tilasta bugun uku-uku ya hau layin huɗu-huɗu, sai ya koma ɗingishi, mai rawa ya rasa inda zai sa ƙafa. Kafin a fara ɗauka sai a saita awon waƙar da saurinta daidai da yadda makaɗi ke bugawa.

Ko awon ya yi daidai, ƙwararren makaɗi yakan riga layi da ɗan kaɗan a wani wuri, ya jinkirta a wani, da gangan. Wannan ne armashin kiɗan. Haka ma ƙarfin bugu: wani 110, na bayansa 60, na gaba 85. In aka mayar da su duka 127, an share hannun mutum, an dawo kan akwati mai buga kansa, kuma kuɗin gangar sun tafi a banza. Hanyar da ta fi ita ce a gyara bugun da ya kauce sosai ɗaya bayan ɗaya, ko a sa ƙarfin jan ya tsaya a rabi, kuma a ajiye kwafin asali kafin a taɓa komai. Inda kiɗan ke ƙara sauri yayin da waƙa ke zafi, kamar a kiɗan dambe ko kokawa, ana iya ɗauka ba tare da agogon kiɗa ba, daga baya a sa manhaja ta bi makaɗi.

Abin da faranti ba ya iyawa

Amon da ke zuwa cikin gangunan nan na gangunan Turai da Amurka ne, da wasu na Latin Amurka da jembe. Wanda ke son amon gangar gida sai ya naɗi ta gaske da makirufo, ya yanka kowane bugu, ya ɗora shi a kan faranti ta manhaja. Kada a tsaya a bugu ɗaya: a ɗauki mai taushi, matsakaici da mai ƙarfi, kowanne sau uku ko huɗu, don kada kunne ya gane maimaici. Wannan na aiki sosai ga ganga da kuge da ƙwarya.

Kalangu kuwa daban ne. Makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata, amon ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane taken da ake faɗa. Wanda ya saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata ya san ba bugu kawai ake yi ba, magana ake. Kotso, irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, shi ma amonsa na canzawa a hannun mai shi. Faranti na sakin amon da aka ajiye masa ne a tsaye. Ana iya jera amo uku ko huɗu na kalangu a farantai daban-daban, amma lanƙwasar da ke tsakaninsu ba za ta fito yadda take ba. Abin da ya fi shi ne a ɗauki gangar lantarki ta riƙe gindin kiɗa, sannan a kira mai kalangu ya buga nasa a gaban makirufo, a tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu, a layinsa na daban.

Wuta, zafi da ƙura

Ƙwaƙwalwar ganga ba ta shan wuta da yawa, yawanci da ƙaramin caja mai bolt 9 ko 12 take aiki. Sai dai cajojin ba sa musanya: na Roland masu bolt 9 da yawa tsakiyar bakinsu waya mai ragi ce, na Yamaha masu bolt 12 kuma mai ƙari. Sa wanda bai dace ba na iya ƙona na'urar nan take, don haka a duba zanen da ke kusa da ramin.

Inda wutar Nigelec ba ta kai ba, ko take yawan ɗaukewa, hasken rana ya isa wannan aiki. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na riƙe kimanin wat 1,200 na awa guda. In aka yi amfani da rabi don kada batirin ya mutu da wuri, kayan da ke shan wat 80 gaba ɗaya za su yi kusan awa bakwai. Mai aiki da gurup ya nisanta shi da ɗakin, ya kuma sa na'urar daidaita wuta tsakaninsa da kayan. In ana jin wani gurnani a ƙarƙashin sauti, a cire cajar kwamfuta a saurara: in ya ɗauke, daga wuta yake, sai a yi ɗaukar da batir.

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, kwamfuta kuma in ta yi zafi rage gudu take yi, sai ƙas-ƙas ya fara. A ɗaga ta daga kan tebur don iska ta ratsa, a yi aiki da safe ko da dare. Rana na busar da robar farantai har ta tsage. Ƙurar hunturu kuma na shiga ramukan jak, faranti ya riƙa amsawa yau gobe ya ƙi. Rufe kayan da zane bayan aiki ya fi neman mai gyara a nesa.

Bayan an gama

A fitar da waƙar a WAV don ajiya, a MP3 don rabawa. A ajiye fayil ɗin MIDI shi ma daban, domin kowace manhaja na buɗe shi, ko bayan shekaru an canza kwamfuta. Kwafi biyu a wuri biyu shi ne mafi ƙaranci. Kafin a saki waƙa a saurare ta a lasifikar salula, tunda a nan mafi yawan jama'a za su ji ta: ƙaramar lasifika ba ta fitar da amo mai zurfi, gangar ƙafa kan ɓace in ba a ƙara mata ɗan kaifi ba.

Saura maganar haƙƙi. Wanda aka naɗi gangarsa aka yanka ta bugu-bugu, amonsa zai iya shiga waƙa ɗari ba tare da an sake kiransa ba. Ya kamata a yi magana a fili tun farko: waƙa ɗaya aka biya, ko amon aka saya gaba ɗaya, kuma nawa. A rubuta a takarda gaban shaidu, a sa sunan makaɗi a jikin aikin. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, ita ke rajistar ayyukan mawaƙa da makaɗa a Nijar, kuma wanda ya tsara kiɗa yana da haƙƙi a kansa kamar yadda mai waƙa ke da shi a kan baitocinsa.